Gishirin Yaya da Sukarina

Kayan Yaya a cikin motar nan su ne gishiri buhu goma sha biyu, manja bido shida, wato jarka, da ƙusa katan biyu. Nawa kuwa sukari buhu takwas da shinkafa buhu goma. Sauran lodin katifu ne da robobi na wasu mutane, su ba su da damuwa, abin da ya faɗi a kaɗe shi a ɗauka. Nawa shi ne kusan dukan jarina a wannan shekara. Na Yaya kuwa, daga lokacin da motar ta kife, ya tashi daga nasa ya zama na mace ɗaya da marayu uku.

Ni a Sokode nake, shi a Dapaong ya zauna da iyalinsa, yana da ɗan shago a bakin kasuwa. Yakan sauko ya yi sari, mu haɗa lodi a kamiyo guda, wato babbar motar kaya, don kuɗin mota ya yi sauƙi, ya hau ya raka kayan, nawa ya miƙa wa masu saye na a can. Mota kaɗai muke haɗawa. Buhunansa da shuɗin zare yake ɗinke bakinsu, nawa da ja. Ko goro ya ɗauka a faifaina sai ya ajiye kuɗinsa. In na yi masa tsiya ya ce, "Ciki ɗaya muka fito, ba buhu ɗaya ba." In na miƙa masa wani abu na ce mudu kaza ne, ba ya karɓa sai ya dube ni ya ce, "Kin auna?" Na sha jin haushin tambayar nan.

Duk mai bin hanyar arewa duwatsu yake tsoro, hawan da ke gaban Sokode da gangaren da ke bayan Kara. Motar ta wuce su lafiya. A shimfiɗaɗɗen wuri ta faɗi, kusa da Bombuwaka, saura kaɗan su shiga gida. Tayar gaba ce ta fashe. Direba ya tsira da karayar hannu. Yaya yana saman kaya kamar yadda ya saba, don ya fi son iska. Aka same shi a ƙarƙashin buhunan da suka farke.

Kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa, don lokacin bazara ne, ba a jira. Na tarar da gida cike da 'yan gaisuwa, matarsa a ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi. Tun ranar da aka kawo ta gidan Yaya nake ce mata Amarya, har ta haifi uku ban daina ba, ita kuma tana bin bakin yara tana ce mini Gwaggo. Ran nan na buɗe baki zan ce Amarya, kalmar ta tsaya mini a wuya. Na zauna kusa da ita kawai.

Bayan sadakar uku na tafi wurin da abin ya faru. Mutanen ƙauyen, 'yan ƙabilar Moba ne, sun yi mana abin da ba zan manta ba. Ba su taɓa ko ƙwaya ba. Da jandarma suka gama aunawarsu suka tafi, matan suka fito da tsintsiya suka share titi da gefen titi, suka ɗura a buhuna, suka kwashe manjan da ya malale da ƙoƙo, suka ajiye komai a rumfar wani dattijo. Buhunan da ba su fashe ba kaɗan ne: gishiri huɗu, sukari biyu, shinkafa uku. Sauran duk shara ce. Na zura hannu a buhu na farko na ɗebo, sai ga shinkafa, ga farin gari da ban san ko gishiri ne ko sukari ba, ga jar ƙasa, ga ƙusa, ga ɓaraguzan gilashin mota suna ƙyalli.

Ana cikin lodawa wata tsohuwa ta kama gefen mayafina ta ja ni bayan rumfa. Akwai wani buhu shi kaɗai, bai kai rabi ba, an ɗaure bakinsa da ɗanyar ciyawa maimakon igiya. Ta nuna shi, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Wannan, wurin mutum ya kwanta. Kai ɗauka dabam." Na gode mata. A kan cinyata na riƙe shi har Dapaong, na sa shi a ƙuryar ɗakin girki, ban gaya wa kowa ba sai Amarya.

Limamin unguwa shi ne zai raba gado. Ya zo ya tsaya a tsakar gida yana kallon tarin buhunan. Na ce, "Allah gafarta Malam, a kimanta kawai, mu yafe wa juna."

Ya ce, "Ke baliga ce, 'yata, kina iya yafe naki. Su waɗannan fa?" Ya nuna yaran, ƙaramar tana goye a bayan maƙwabciya. "Wa zai yafe a madadinsu? Ba ni ba, ba ke ba, ba uwarsu ba."

Na yi lissafi a zuciyata, ni ba waliyyiya ba ce, na san in na bar kayan nan zan koma Sokode in fara daga ƙasa. Duk da haka tsoron dukiyar maraya ya fi ƙarfi. Na ce to, a bar musu duka.

Daga bayan labule Amarya ta ce, "A'a." Shi ne karo na farko da na ji muryarta da ƙarfi tun zuwana. "Bai ci naki yana raye ba, Gwaggo. Ba zan ciyar da 'ya'yansa naki yana kabari ba. Nasa nake so, ba ƙari ba ragi."

Malam ya gyara rawaninsa ya ce, "To, sai ku raba. In kun gama ku aiko mini."

Abin da Malam bai sani ba, kuma Amarya ta sani, shi ne da shara na fara kasuwa. Ina budurwa ba ni da jari, sai in bi manyan shagunan kasuwar Sokode da yamma in sayi abin da aka share daga ƙasan sito, shinkafa da wake da masara da tsakuwa duk a haɗe, in kai gida in rarrabe in sayar mudu-mudu. Yaya har ya rasu yana kirana Sarauniyar Shara. Ban taɓa zaton sana'ar da na baro za ta dawo ta same ni a tsakar gidansa ba.

Amarya tana takaba, ba ta fita, amma ba abin da ya hana ta aiki a cikin gida, kuma na ga aikin ya fi mata zaman ɗaki. Muka fara da ƙusa, don ita ce mai ji wa mutum ciwo. Akwai tsohuwar rediyon Yaya da ta mutu, na kwance lasifikarta na ciro maganaɗisun da ke baya, na naɗe shi a tsumma. Sai mu baza shara a tabarma, in ja shi a kai a hankali. Ƙusoshi su miƙe su manne kamar an kira su. In tsumman ya cika, in zare ƙarfen daga ciki, su zube a daro. Har da 'yan ƙananan ƙarafan mota da ba mu san da su ba.

Daga nan sai rariya. Shinkafa da tsakuwa da gilashi su tsaya a sama, gari da yashi su zube ƙasa. Shinkafar muka bakace ta a faifai, sannan muka rege ta a ƙwarya. Amarya ta fi ni iya regewa. Takan karkata ƙwaryar ta riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, ruwa yana tafiya da shinkafa zuwa ɗaya ƙwaryar, mai nauyi yana kwantawa a gindi. Gilashin ne ya ba mu tsoro, don wani bai fi ƙwayar shinkafar ba. Kowane daro sau uku muka rege shi, muka shanya a rana, na bi da ido tsugune, abin da ya yi ƙyalli in tsince. Yatsunmu duk sun tsattsage, ga gishiri yana shiga. Ba wadda ta yi ƙorafi.

Manja bai wahalar da mu ba. Muka juye shi a babbar tukunya da yashinsa da komai, muka zuba ruwan zafi, muka ɗora a wuta har ya narke sosai, muka sauke muka bar shi. Yashi ya kwanta, ruwa ya tsaya a tsakiya, man ya taso sama ja wur. Muka kwashe da ludayi, muka sake ɗorawa ruwan da ya saura ya ƙone. Cikin bido shida, biyu ba su fashe ba, muka ceto kusan ɗaya da rabi a kai.

Duk wannan lokacin ina jin Yaya. Ba na ce na gan shi ba, ni ba mai irin wannan magana ba ce. Da rana tsaka ne, ina cika mudu ina share bakinsa da gefen hannu, sai in ji tambayar nan a bayan kunnena, sarai, da muryarsa mai ɗan kaushi: "Kin auna?" In juya, ba kowa sai kaji. Wata rana har na amsa da ƙarfi na ce, "Na auna mana!" Amarya ta ɗago daga kan ƙwarya ta dube ni. Ba ta tambaye ni da wa nake ba. Ta ce, "Ni ma haka yake yi mini," ta ci gaba da aikinta.

Sai muka zo kan farin gari, nan ne gizo yake saƙa. Da a ce gishirin mai tsakuwa ne, da rariya ta raba gardama. Amma a wannan zuwan Yaya mai laushi ya saro, ƙwayarsa daidai da ta sukari. Wasu buhunan an yi sa'a, daga gefen da gishiri kaɗai ya zube aka share su, ka lasa ba zaƙi ko kaɗan. Waɗannan duka na marayu ne. Amarya ta so mu jiƙa mu tace mu dafa, na gwada mata da daro ɗaya don ta gani: ruwa ya shanye gishiri, yashi ya kwanta, muka tsiyaye ta cikin farin ƙyalle, muka dafa har ruwan ya ƙafe, gishiri ya fito fari yana tatsatsa a gindin tukunya. Na ce, "Kin ga ya fito. Yanzu dubi icen da ya ci." Na aika aka kira majema, masu gishirta fatun da mahauta suke fiɗa. Su yashi bai dame su ba. Suka saye a yadda yake, an rage kaɗan, ba mu ƙona ko kara ba.

Sauran buhunan kuwa, shida ne da wanda aka ɗaure da ciyawa, gishiri da sukari sun rungumi juna. Nasa da nawa. Ido ba ya rabawa, rariya ba ta rabawa, iska ba ta rabawa. Ka zuba ruwa, duka biyun su narke su bar maka yashi. Ka dafa ruwan, ya yi kauri ya zama wani abu mai yauƙi, ga zaƙi ga gishiri, ba ya komawa gari. Na gwada ruwan sanyi, na gwada na zafi, na bar wani ya kwana ko ɗaya zai riga ɗaya kwantawa. Shekarun da na yi a shara ban taɓa gamuwa da abin da ya gagare ni haka ba. Na zauna a kan turmi na ce a raina, mutumin da bai yarda zarenmu ya zama launi ɗaya ba, ga shi an gauraya mu yadda ba mai iya kwancewa.

Mantuwa ce ta buɗe mana hanya. Amarya ta ɗora ɗan wannan ruwan a kasko, 'yan gaisuwa suka shigo, ta shiga ɗaki ta manta. Sai da ƙauri ya cika gida muka ruga. Abin ya kumbura ya ƙone ƙurmus, baƙi ƙirin kamar gawayi. Ta zuba ruwa don ta kankare kaskon, ta bar shi ya jiƙa. Da na zo wucewa, hannuna ya saba, na tsoma yatsa na lasa. Gishiri zalla, da ɗan ɗaci. Zaƙin ya tafi gaba ɗaya.

Na ce, "Amarya, kawo ƙyalle." Sunan ya fita ban sani ba. Ta tsaya cak, sannan ta je ta kawo.

Muka tace, baƙin ya tsaya a ƙyalle, muka dafa ruwan, sai ga gishiri. Wuta tana cin sukari, ba ta cin gishiri.

Idonta ya yi haske, karo na farko. Ta ce, "To shi ke nan, mu ƙona duka, mu fitar masa da abinsa."

Na ce, "Mu ƙona me? Sukarina?"

"Ba ke kika ce kin bar mana ba?"

"Na ce in bar wa yara su ci, ban ce in bar wa wuta ba. Wa ya taɓa ƙona sukari don gishiri? Da mijinki zai ji, da ya ce lallai an shiga tsakanina da hankalina."

Ta ce, "Da cewa zai yi, Sarauniyar Shara ta ga riba ta manta da zumunci."

Muka yi dariya mu biyu, gajeriya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, na bar ta har ta gama.

Abin da na yi shi ne na mai awo. Ba sai an ƙona buhu ba, ɗan kaɗan ya isa. Kowane buhu muka juye shi a tabarma muka cakuɗa sosai, sama ya koma ƙasa, don kada wani gefe ya fi wani. Sai in ɗebi gwangwanin tumatir biyu, a share baki. Na farko in jiƙa shi in tace, abin da ya tsaya a ƙyalle in shanya in auna, shi ne yashi. Na biyu in ƙona shi ƙurmus, in niƙa baƙin, in jiƙa, in tace, in dafa, abin da ya fito in mayar a gwangwanin in ga inda ya tsaya, shi ne gishiri. Abin da ya rage tsakani, sukari ne. Kowane buhu sau biyu na yi masa, in awon bai zo ɗaya ba in sake na uku. Amarya tana zaune tana kallon hannuna, in na share bakin gwangwani da sauri ta ce, "Gwaggo, sake." In sake.

Buhunan da zaƙi ya fi yawa, wani mai gidan burodi ya ɗauka. Muka jiƙa muka tace masa ta ƙyalle biyu saboda gilashi, yana karɓa a bido kaɗan-kaɗan, yana zubawa a kwaɓi a madadin gishirinsa da wani ɓangare na sukarinsa. Waɗanda gishiri ya fi yawa, su ma muka tace, wasu makiyaya daga wajen Manduri suka saya don kwaɓa wa shanu a dusa. Duk abin da aka samu a buhu, muka raba shi bisa awon gwangwaninsa da farashin kowanne a kasuwa ran nan. Malam ya zo ya ga yadda muke yi, ya sa na maimaita a gabansa, ya lasa gishirin, ya ce ya yarda.

Saura ɗaya.

Tun da na ajiye shi ba wadda ta taɓa shi. Ciyawar da aka ɗaure shi da ita ta bushe ta yi fari. Kullum da safe Amarya takan share layin kiyashi da ya taso daga gindin bango zuwa gare shi, kafin azahar sun dawo. In muna girki ba ma juya masa baya, ban san dalili ba, kuma ba mu taɓa maganar ba.

Ranar da muka kwance shi, manyan yaran suna makaranta. Muka juye a sabuwar tabarma. Yawancinsa fari ne kamar sauran. Amma akwai dunƙule-dunƙule da suka daskare, launin ƙasa mai duhu, wasu kamar ƙwallon goro, ɗaya kamar tafin hannu. A jikin wani akwai ƙwayar tasbaha guda biyu. Amarya ta tsince dunƙulen da hannunta ɗaya bayan ɗaya, har da garin da ke kewaye da su, ta naɗe a farin ƙyalle. Malam ya sa aka kai maƙabarta aka binne kusa da Yaya. Ya ce abin da ya rage busasshe ne, jini bai taɓa shi ba, halal ne a ci ko a sayar, kuma yana cikin gado, sai an san na wane nawa ne. Na auna, mudu tara.

Na ɗauko gwangwani da kasko. Amarya ta dafa hannuna.

"Wannan ba zai ga wuta ba."

"Gwangwani ɗaya ne kawai."

"Ko cokali. A kansa ya cika, Gwaggo."

Na ajiye kaskon. Gaskiya ni ma hannuna bai so ba. Na ce to, a ɗauka duka gishiri ne, in ba marayu mudu tara sabo a rufe maganar. Ta ce ai wannan kyauta ce da aka sake wa riga, ta riga ta faɗa ba ƙari ba ragi. Na ce to a ɗauka rabi da rabi. Ta ce, "Kin auna?" Ba da wasa ta faɗa ba, ba ta ma lura da bakin wa ta yi magana ba.

Muka zauna, tabarma a tsakaninmu. Kiyashi sun riga sun gano inda aka mayar da shi. Ina kallonsu don ba ni da abin kallo, sai na ga kowanne yana fita da farar ƙwaya a baki. Wani ya ɗauki wata, ya juya ta, ya yar, ya ɗauki wata. Na sa yatsa na tare guda, na karɓe abin da ya ɗauko, na murza, na kai kusa da baki, ban iya lasa ba. Amma na san abin da kiyashi yake so, duk mai sayar da sukari ya sani.

Na ce, "Daina share su."

Muka baza shi siriri a kan tabarmi biyu a ɗakin ajiya, muka rufe ƙofa saboda kaji da yara. Na koma Sokode da shinkafata da abin da ya samu, don kasuwa ba ta jiran mai makoki. Amarya takan shiga ta motsa shi da tsinke don na ƙasa ya dawo sama. Da damina ta kusa, iska ta fara laima, takan fitar da shi rana ya sha ta mayar. Ta ce wani lokaci layin kiyashin yakan yi faɗin yatsu uku, yana shiga wani rami a gindin bango, ta tsaya ta yi ta kallo har ƙafarta ta gaji. Ta ce ba ta san me ya sa ba, ganin ana shiga da shi ƙarƙashin ƙasa yana kwantar mata da rai.

Na dawo gab da fitarta takaba. Layin ya zama ɗan zare, 'yan kaɗan ne suke yawo a kai suna fita hannu wofi. Abin ya ragu sosai, ya yi ja saboda yashi ya fito fili. Muka jiƙa shi, muka tace, muka zuba a manyan tire muka sa a rana, muna shigarwa in hadari ya taso. Ya ɗauki lokaci. A hankali ya fara kamawa daga gefe, ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, har ya bushe. Mudu huɗu da ɗan kai.

Saura a san ko akwai sauran zaƙi, kuma hanya ɗaya ce. Amarya ta dube ni na dube ta. Ita matarsa ce, ni jininsa ce. Na yi bisimilla na ɗauki ƙwaya kaɗan na sa a harshe.

Gishiri ne. Amma can ƙasa, bayan ya narke, akwai ɗan zaƙi siriri da kiyashi suka bari. Na so in ce babu. Na ji kamar Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Na ce, "Akwai saura, kaɗan. Bai kai a auna ba."

Ta dubi tiren. Sannan ta ce, "To wannan naki ne. Malam ya ce ke kina iya yafewa." Ta ɗago ta dube ni. "Ki yafe mana shi, Gwaggo."

Na ce, "Na yafe, duniya da lahira."

Ba wadda za ta iya zuba gishirin nan a miya, kuma ba za mu sayar wa wani ya zuba a tasa ba. Na je kasuwa na auno sabo, mudu huɗu da ɗan kai, a gaban Malam na ba marayu, na karɓi wancan. Aka shafa fatiha, gado ya rabu.

Yaran sun girma, babban shi ke riƙe da shagon yanzu, Amarya tana nan, mun tsufa tare. In zan je wurinsu nakan zauna ta gefen taga. Kafin Bombuwaka akwai wani wuri a gefen titi da ya yi shekaru ciyawa ba ta fito ba, ko da tsakiyar damina, ƙasa tsirara kamar an share. Yanzu ta fara rufewa, amma ni ina gane shi. Shayi kuma tun daga lokacin ba na sa masa sukari, don in na sa, gishiri nake ji a ƙarshen kurɓi.

Ga yadda aka tashi. Cikin gishiri goma sha biyu na Yaya, marayu sun sami kimanin tara, manja uku da rabi cikin shida, ƙusa kusan duka. Cikin shinkafata goma na sami takwas, cikin sukari takwas na sami abin da bai kai biyar ba, sauran ƙasar Bombuwaka da kiyashin Dapaong sun raba. Ba ƙwayar maraya ko ɗaya a cikin abin da na ci, wannan na auna. Abin da na ƙaru da shi mudu huɗu ne da ɗan kai, yana cikin tulu a saman kabad ɗina a Sokode. Duk damina sai ya jawo ruwa, gindin tulun ya yi gumi ya jiƙa katakon. In fitar da shi rana ya bushe, in mayar. Ban taɓa sake auna shi ba.